Ruwan da Taubashiyata Ta Gani

Jiya da hantsi ina shanya a tsakar gida sai wata bas ta wuce ta bayan katangarmu cike da 'yan makaranta. Ban gan su ba, muryoyinsu kawai na ji, suna waƙa suna dukan jikin motar, wata malama tana ta fama da su kan su mayar da kawunansu ciki. Da ji ka san yawon buɗe ido za a kai su. Na tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu har ƙarar ta ɓace, wani abu yana cizon zuciyata, abin da na saba da shi tun ina aji biyar. Mai karatu, kada ka ɗauka begen ƙuruciya ne. Ƙyashi ne, kuma da furfurata nake gaya maka.

Ƙauyenmu yana arewa da Kano, inda gona take manne da gona, babu inda za ka sa ƙafa a ce ba na wani ba ne. Shekarun da nake ba ka labari su ne shekarun fari, lokacin da damina biyu a jere ta zo ta yi mana gaisuwar tsaye ta wuce. Rumbunan gidanmu uku ne, biyu sun zama wurin ɓuyan kaji. Tuwo ya koma sau ɗaya a rana, sauran kuwa kwaɗon tafasa ne da na rama, sai garin kwaki idan Baba ya samo a kasuwa. Maza suna tafiya ci-rani tun kafin lokacinsa, wasu su aiko da saƙo, wasu shiru.

Mijin gwaggona yana cikin masu shirun. Da abin ya ishe ta, ta ɗauro kayanta a ka ta dawo gidan ubanta, tana janye da 'yarta. Yarinyar nan taubashiyata ce, ni 'yar namiji ita 'yar mace, saboda haka tana da izinin tsokanata daga safe har dare ba mai ce mata kanzil. Ta girme ni da wata biyu, kuma ba ta taɓa bari na manta ba. Ga ta da baki. Idan tana ba da labarin yadda akuya ta shiga masallaci a garinsu, har Baba sai ya ajiye rediyonsa ya saurara, ni kuwa in na buɗe baki sai a ce in je in duba tukunya.

Abin da ya fi ƙona mini rai kaka ce. Kafin su zo, ni nake kwana a ɗakinta, ni take jiƙa wa ƙanzo da safe. Suna zuwa ta shimfiɗa wa taubashiyata tabarma kusa da gadonta, ta ce ni ina da uwa da uba a gida ɗaya, in koma ɗakin Inna. Ƙanzon ma aka fara raba shi biyu, kuma na sha aunawa da ido, nata ya fi yawa. Yanzu na san dalilin kaka. A lokacin dai abin da na sani shi ne an zo an same ni a wurina an ture ni.

A makaranta aji ɗaya aka sa mu. Shekarar aka kawo mana sabon malamin aikin gona, wani saurayi siriri daga wajen Kunci, mai keke da ɗan littafi a aljihun gaba. Malam ba ya son zaman aji. Kullum muna waje, yau ya kai mu gindin suri mu ga yadda gara take gini, gobe ya sa maza su haƙa rami mu leƙa mu ga inda yashi ya ƙare jar ƙasa ta fara. Yakan sa mu damƙi ƙasa a hannu mu matse mu saki, mu faɗi ko za ta riƙe ruwa. Iyayenmu suna ta mita, wai sun kai yara boko an mayar musu da su gona. Mu kam daɗi muke ji, domin yunwa ta fi sauƙin mantawa a waje fiye da a kan benci.

Da ruwan shuka ya sauka, Malam ya raba mana filin bayan makaranta, kowa da kunyarsa guda, dogon layi daga jikin katanga har zuwa shingen aduwa. Shi ya sare ramuka da sungumi, mu muka bi muna jefa irin gero muna rufewa da diddige. Sai da muka gama, muna kakkaɓe ƙafa, ya faɗi maganar da ta hana ni sukuni. An yi alkawarin ba makarantar aron akori-kura na yini ɗaya a ƙarshen zango, za a kai 'yan ajinmu su ga babbar madatsar ruwan da ke wajen Bagwai, inda ake noma ko da rani. Motar mutum goma za ta ɗauka, mu kuwa mun haura arba'in. Ya ce waɗanda kunyarsu ta fi kyau su za su je, kuma kada kowa ya taɓa shukarsa sai ya koya mana abin da ake yi gaba.

Ka gane, ni ban taɓa ganin ruwan da ya wuce kududdufin bayan gari ba, shi ma a shekarar ya ƙafe har ƙasansa ya tsattsage. Rijiyar unguwarmu sai an haɗa igiya biyu, a jawo rabin guga mai laka. Sai ga shi ana cewa akwai inda ruwa ya taru har ana tare shi da gini, a nan kusa, tafiyar da ba ta kai rabin yini ba. Na sa wa raina sai na je. Bayan haka kuma na sa wa raina wani abu da ban gaya wa kowa ba, cewa ko ban je ba, ita ma kada ta je.

Kunyarta tana maƙwabtaka da tawa. Gero ya tsiro, kowane rami ya fito da tsinka-tsinka kamar bakin tsintsiya, wani goma wani fiye. A idona, wanda raminsa ya fi cika shi ne gwani. Kullum da tara, kafin in je shan ruwa, sai na tsaya tsakanin kunyoyin nan biyu na gwada, kullum kuma tata ta fi duhu. Ita ma ta lura. Takan zo ta tsaya a bayana ta tambaye ni ko in ta dawo daga Bagwai ta taho mini da ruwa a murfin kwalba.

Ran wata Juma'a da yamma aka yi ruwa mai kyau, wanda ba mu san shi ne na ƙarshe ba sai bayan kwana ashirin da wani abu. Washegari Asabar ba makaranta, Inna ta aike ni yanko wa awaki ciyawa. Na ɗauki lauje da buhu na bi ta bayan makaranta. Ba kowa, ƙasa ta yi laushi, ƙafa tana nutsewa. Na durƙusa a kan kunyar taubashiyata na fara cirewa. Ban tumɓuke duka ba, ina tsoron Allah daidai gwargwado, kuma ina tsoron bulalar hedimasta fiye da haka. Ƙananan nake zarewa domin su ne suke biyo hannu ba gardama, manyan da suka kama ƙasa na bar su, kowane rami biyu-biyu, wani uku. Abin da na cire ban zubar ba. Na kai kunyata na cusa su a tsakanin nawa na danne da yatsa, har tawa ta yi cunkus. Na tsaya na duba, tata ta koma kamar kan da aka yi wa mugun aski, na ji sanyi a raina.

A gidanmu mata ba sa zuwa gonar gero sai kai abinci. Na sha ganin su Baba a sunkuye suna cire-cire bayan shuka ta tasa, amma ni a zatona ciyawa suke cirewa. Ban taɓa tambaya ba, ba wanda kuma ya taɓa gaya mini.

Ranar Litinin ta ga kunyarta ta ɗora hannu a ka. Malam ba ya nan, an yi masa rasuwa ya tafi gida, saboda haka ba wanda za ta kai wa ƙara. Da kuka ta shiga ɗakin kaka, ni kuma na raɓe a bakin ƙofa ina yi kamar ina tsince wake. Kaka ta bari ta gama, sannan ta tambaye ta nawa aka bar mata a kowane rami, manya ne ko ƙanana. Da ta ji amsa sai ta yi 'yar dariya ta cikin hanci, ta ɗaga murya yadda na bakin ƙofa zai ji.

“Share hawayenki. Wanda ya yi miki wannan ɓarnar, Allah ya yi shi manomi bai sani ba.”

Ban gane ba a ranar. Kwanaki ne suka fassara mini. Sama ta yi fes, hadari ya haɗu da la'asar iska ta watsa shi, gobe ma haka. Malam ya dawo bayan mako guda ya tarar ƙasa ta bushe. Ya tara mu ya yi bayani cewa abin da ya so koya mana shi ne rage shuka, a cire ƙanana a bar biyu ko uku su samu abin sha, amma ba a yin sa a busasshiyar ƙasa, sai a ji wa saiwar na kirkin ciwo. Dole mu jira ruwa. Ya hana a ɗebo na rijiyar makaranta, wanda ko shan yara ba ya isa. Muka zuba ido muna kallo gero yana naɗe ganye. Tawa ce ta fara yin ja, domin baƙin da na cusa sun mutu, kafin su mutu kuma sun shanye ɗan abin da 'yan gida za su sha. Ta taubashiyata kuwa ta tsaya koriya shar, kara yana kauri, ita kaɗai a filin kamar an yi mata ruwanta daban.

Malam ya tsaya a kan kunyar ya daɗe, ya tambayi taubashiyata wa ya koya mata. Ta sunkuyar da kai ta ce a gida ne. Wallahi haka ta ce, ina tsaye ina ji. Ya sa aka tafa mata, ya ce kowa ya zo ya ga aikin mai hankali, ni ma na bi layi na je na ga aikin hannuna. In na yi magana na tona kaina, in na yi shiru ta tafi da yabona. Na yi shiru, na koma gida na ƙi cin kwaɗo, Inna ta ce dama ba shi da yawa.

Sunanta aka fara kira cikin goman. Mata biyu ne kawai, ita da wata daga ƙauyen gaba, sauran maza. Ana gobe tafiya gwaggo ta shigo ɗakin Inna tana 'yan kame-kame, ashe takalmi take nema, na 'yarta ya tsinke. Inna ko shawara da ni ba ta yi ba ta jawo takalmina na roba, wanda Baba ya saya mini da sallar bara nake lallaɓa shi, ta miƙa. Da safe kuma kaka ta kira ta ta damƙa mata dafaffen ƙwan zabi guda biyu a ƙullin tsumma. A shekarar ƙwan zabi kasuwa ake kai shi, ba a ci a gida. Ina tsaye ba takalmi na ga motar ta tashi, yara goma a baya sun riƙe ƙarfe, Malam a gaba kusa da direba, takalmina ya tafi ganin ruwa ya bar ni.

Yinin ranar a gindin tsamiyar bakin hanya na yi shi. Na ce wa Inna ciyawa zan nema, na dawo da buhu ba komai. Sai bayan la'asar motar ta dawo. Taubashiyata ta sauko a hankali, fuskarta ta yi fari-fari, leɓenta a bushe. Ta dube ni, ta dubi ƙafarta, sai ta miƙe wuya. Tun kafin mu kai gida ta fara.

Ta ce ruwan ba shi da ɗaya gaɓar, in ka tsaya a bakinsa sai ka ga ya tafi ya haɗe da sama. Ta ce akwai ƙofar ƙarfe da ake murɗawa, ruwa ya fito yana ruri har ba ka jin maganar na kusa da kai. Ta ga masunta a kwalekwale, ta ga kifin da mutum biyu suka ɗauka a kafaɗa, ta ga fararen tsuntsaye sun rufe wani tsibiri. Ta ce ta sa ƙafa a ciki, da takalmina, sanyin ya hau mata har ka. Daren nan tsakar gidanmu ta cika, har matan maƙwabta suka shigo. Kaka tana ta cewa ikon Allah, Baba ya ce a sake faɗa masa zancen ƙofar ƙarfen. Ni ina gefe ina jujjuya takalmin da aka dawo mini da shi, ina shinshina shi a ɓoye ko zan ji ƙanshin ruwan.

Shekara da shekaru tana ba da labarin nan, ni kuma na zama mai gadinsa. Na haddace shi fiye da ita. In ta ce kwalekwale bakwai sai in ce da biyar kika ce, ta ce biyun suna bayan tsibiri. Mazan da suka je ba ma hira da su, balle in tambaya, ɗaya yarinyar kuma ba ta dawo makaranta ba bayan hutu. Ruwa ya dawo a shekarun baya, rumbuna suka cika, mijin gwaggo dai bai dawo ba. Ni na wuce makarantar horon malamai, aure ya kawo ni Ungogo. Ita daga aji shida ta tsaya, daga baya ta yi aure a wani ƙauye wajen Kunci, ta zama mai sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa.

Ina da 'ya'ya uku na fara ganin madatsar, ni na jagoranci ɗalibaina. Na hau tudun da sauri kamar yarinya. Ruwa ne mai yawa, ba ƙarya, amma ga ɗaya gaɓar can ina hango ta, har da shanu suna kiwo. Kwalekwale biyu na gani, kifin kuma bai wuce tafin hannu ba. Ka san abin da na ce a raina? Na ce ruwan ya ja baya, ita ta gan shi lokacin yana da kyansa, ni sai saura na tarar. Ɗalibai suna ta murna, malamarsu tana tsaye tana jin haushin wata mai ƙuli-ƙuli.

Bara aka yi sunan jikarta na je. Bayan an watse muna zaune mu biyu a inuwar rumbu, ƙafafu a miƙe, kowa tana shafa gwiwarta, sai na ji nauyin abin ya ishe ni. Na gaya mata ni na cire mata gero. Ko juyowa ba ta yi ba. Ta ce ta sani tun ranar, ta ga laka a faratana, kuma wa zai yi wannan aikin banzan in ba ni ba. Muka yi dariya har da hawaye. Da dariyar ta lafa sai ta fara wasa da bakin zanenta.

“Tunda yau ranar faɗin gaskiya ce,” in ji ta, “ni fa ban ga ruwan nan ba.”

Na ce wane ruwa.

Ta ce ba ta taɓa shiga mota ba sai ranar. Tun kafin su kai Bagwai warin fetur da girgiza suka juya mata ciki, ta amayar da ƙwan kaka duka biyun. Da suka isa ko tsayuwa ba ta iya yi, Malam ya shimfiɗa mata buhu a inuwar motar ya bar ta da direba, sauran suka hau tudu. Abin da ta gani duwatsun jikin ginin ne da tayar mota. Rurin ruwan ta ji shi daga nesa, sauran kuwa 'yan maganganun maza ne da ta tsinta a hanyar dawowa ta ɗinke da nata.

Na tambaye ta don me ta yi mana haka, shekara arba'in da ɗoriya.

“Na sauko na gan ki a gindin tsamiya kin zuba mini ido. Gidan na ubanki ne, ɗakin na uwarki, takalmin ƙafata ma naki. Ranar kaɗai na taɓa riƙe abin da ba ki da shi. Sai in ce miki na yini kwance a gindin mota?”

Ban taɓa kawowa a raina cewa ita ma tana auna nawa da ido ba. Can na ce to ta shirya, ɗana yana da mota, ranar da ta ga dama mu je ta gani da idonta, ga maganin amai ma yanzu a kowane kyamis. Ta girgiza kai ta ce in bar ta da nata, ta ji yadda na kwatanta wanda na gani, nata ya fi girma.

Filin bayan makarantarmu yanzu gidaje ne, an yanka shi an sayar, ba sauran inda yaro zai durƙusa ya damƙi ƙasa. Jikokina sun ga teku a waya tun kafin su iya tsarki, ba mai iya tara su a tsakar gida ya gina musu ruwa da baki, in ka fara ma sai su duba su ce ba haka yake ba. Ban ce zamaninmu ya fi ba, yunwa muka sha, ba na fatan kowa ya sha irinta. Amma da na baro ƙauyen ranar sunan nan, ina kallon gonaki ta tagar mota, na lalubi zuciyata in ji ko ƙyashin ya tafi tunda gaskiya ta fito. Yana nan daram. Ni na yi karatu, na hau tudun da ƙafata, na ga ruwan har sau huɗu, kuma har yau in na rufe ido nata nake gani.